Masu motoci masu turbo a Jos, ku yi hattara da mai tallar kayan ƙarin gudu

Assalamu alaikum. Wannan saƙon na 'yan uwana ne masu sha'awar mota a Jos da kewaye, musamman masu Golf GTI da Audi da BMW. Akwai wani mutum da ke tallar kayan ƙara wa mota ƙarfi a Instagram da WhatsApp, yana cewa shagonsa na Apo a Abuja, kayansa kuma daga Jamus da Amurka suke zuwa. Ni ya cuce ni, kuma tun da na fara magana na haɗu da mutum biyu da ya yi wa irin wannan ta'asar. Ba zan kama suna ba domin maganar na hannun hukuma, kuma sunan ma ba zai amfane ku ba, tunda yana canza sunan shafinsa kamar riga. Salon damfarar ne ba ya canzawa, shi zan bayyana muku.

Da gaskiya yake fara kama mutum. Zai ce maka Jos na kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba, don haka injin ba ya samun abin da yake so. Wannan haka yake. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne, mota mai turbo ta fi marar turbo jure wannan matsalar, domin aikin turbo ke nan: hayaƙin salansa ya juya farfela, farfelar ta matso iska ta tura cikin injin, kwamfutar motar kuma ta ƙara mata juyi don cike giɓin. Shi kuwa sai ya ce motarka a shaƙe take, maganinta kawai "cikakken saiti": bututun shan iska mai faɗi, filta mai siffar mazurari, bututun alminiyum da ke bi ta intakula (abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga injin), da wani ɗan akwati da ya ce zai gyara lissafin kwamfuta. Ya yi mini alkawarin ƙarin ƙarfin doki 70 a kan Golf 6 GTI ɗina, motar da kamfani ya fitar da ita da doki 200 da 'yan kai.

Na tura naira 520,000. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, ya ce na yaron shagonsa ne. Kwana huɗu kaya suka iso tasha a kwali mai ɗauke da tambarin manyan kamfanoni.

Bakanikena na Farin Gada, dattijo ne da ya shekara fiye da ashirin yana buɗe injin Jamus, yana ɗaga bututun ya auna shi a hannu sai ya girgiza kai. Ya ce, "Maigida, wannan ba kayan turbo ba ne. Dubi bakinsa, sumul yake, babu leɓen da zai riƙe tiyo." Na ce masa ya ɗaura kawai, kuɗi sun riga sun fita. Har yau maganar nan tana ci mini rai, domin ya faɗa mini gaskiya tun kafin a kunce ƙusa ɗaya.

Mako na biyu, ina dawowa daga Abuja, na kama Hawan Kibo na taka totur don in wuce wata tirela. Sai na ji fam! kamar an fasa leda. Mota ta mutu a ƙafata, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ga tirela a gefena, ga wata motar na gangarowa. Allah ne kaɗai ya kiyaye, da iyalina a ciki. Da janwe muka ƙarasa gari.

Da aka sa na'urar bincike sai ta nuna P0299, wato turbo ba ya kawo matsin iskar da ya kamata. Bututu ya zame daga tiyo. A nan nake so ku tsaya ku fahimta, don nan ne bambancin kayan gaske da na jabu yake. Iskar da turbo ke turawa tana da matsi mai kai wa kusan 1 a ma'aunin matsi na "bar", kuma kafin ta shiga intakula zafinta kan wuce digiri 100. Saboda haka ake yi wa bakin bututun gaske wani ɗan tudu a kewaye, tiyon kuma na silikon ne mai zare hawa-hawa a cikinsa, ana ɗaure shi da kilif mai noti. Nawa roba ce zalla aka shafa mata shuɗin launi, kilif ɗin kuma irin na tiyon ban-ruwa ne. Motar tana auna iskar da ta shiga tun daga bakin filta, ta ba da mai daidai da ita. Idan iskar ta zurare a hanya, mai ya yi yawa, shi ne baƙin hayaƙin da na gani.

Wannan ma mai sauƙi ne. Da aka kunce bututun shan iskar sai ga ɓurɓushin ƙarfe a ciki, ragowar yanka da walda da ba a wanke ba. Farfelar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ko ƙwayar yashi ta isa ta ci bakinta. Tawa duk ta yi giɓi. Filtar kuwa, da muka ɗaga ta ga rana, haske na ratsa ta kamar rariya. Ku tuna irin ƙurar da muke sha a Jos da hunturu.

Shi kuma ɗan akwatin, mai gyaran waya ya ɓalle mana shi. Babu komai ciki sai 'yar rezista guda da fitila mai ƙiftawa. Aikinta ta yaudari sensar zafin iska, kwamfuta ta ɗauka iskar da sanyi alhali da zafi take. A injin turbo wannan ganganci ne, domin lokacin da ya kamata kwamfuta ta ja baya don kare fistin, sai ta ci gaba da matsawa. Gyaran kwamfuta na gaske ana yin sa ne ta karanta manhajar motar, a gwada ta, a duba abin da sensoci ke faɗa, a kuma yi la'akari da man da ake zubawa. Da yawa daga manhajojin Turai don fetur mai oktan 98 (ma'aunin ingancin fetur) aka rubuta su. Kuma canza bututu da filta kaɗai, ko na asali ne, ɗan abin da yake ƙarawa kaɗan ne. Duk wanda ya ce maka doki 70 daga bututu, kuɗinka yake so.

Na kira mai tallar kayan, ya ce laifin bakanike ne. Na tura hotuna, ya toshe lambata. Na je Apo da kaina na bi layi-layi da hoton shagon da ya sa a shafinsa, babu wanda ya san shi. Hoton na wani wuri ne daban.

Don Allah, kafin ka tura ko sisi, ka sa wani naka a Abuja ya je ya tsaya a ƙofar shagon. Ka duba sunan kasuwancin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne, kuma ka ƙi biya idan sunan asusu ya saɓa. Ka nemi lambar kayan ka gwada ta da ta shafin kamfanin da ya ƙera. Mafi muhimmanci, bakanikenka ya riƙe kayan a hannunsa kafin ciniki ya faɗa, in ya ce a'a ka ji maganarsa.

Wanda ya riga ya faɗa hannun wannan mutumin kada ya goge komai: hirar WhatsApp, shaidar tura kuɗi, takardar tasha, har kwalin. Ya sanar da bankinsa a rubuce nan take, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Mu uku mun riga mun shigar da namu koken tare, kuma jabun kayan na nan a ajiye a Farin Gada ga duk mai son ya gani da idonsa kafin ya sayi irinsu.