Awon ciki a wani kilinik na Damagaram, da yadda suka bi da ni da aka ce za a tayar mini da naƙuda

Na yi awon cikina na uku a wani kilinik mai zaman kansa a cikin garin Damagaram, kuma a can na haihu wata uku da suka wuce. Haihuwata biyu ta farko naƙuda da kanta ta zo, don haka ban taɓa tunanin wata rana likita zai sanya mini ranar haihuwa a takarda ba. Abin da zan yi bayani a kai shi ne yadda ma'aikatan wurin suka bi da tsoron da ya kama ni, domin a nan ne na ga ƙwarewarsu, a nan ne kuma na ga inda suka gaza.

A mako na 26 aka ba ni ruwan sukari mai giram 75 na sha da safe ban karya ba, aka ɗebi jinina sau uku. Awon farko, wanda aka ɗiba kafin in sha ruwan, ya nuna 1.02, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tun 2013 ita ce giram 0.92 a lita ɗaya. Aka ce ina da ciwon sukari na masu juna biyu. Na gyara abinci, daga baya aka ƙara mini allurar insulin, mai sauke sukarin jini, da dare. A mako na 34, bayan hoton ciki ya nuna ɗan ya fi kwanakinsa girma, likita ya gaya mini da Faransanci, idonsa a kan takarda, cewa idan naƙuda ba ta zo ba zuwa mako na 39 za a tayar da ita. Maganar ba ta kai minti biyu ba, ya kira ta gaba. Ni malamar makaranta ce, na ji abin da ya faɗa sarai, amma ina tunanin matar da ta taso daga Mirriya ko Takeita ba ta jin Faransanci, da wane hali za ta koma gida. Wannan shi ne babban laifin da nake gani a wurin.

Duk macen garin nan ta san abin da ake faɗa a kan ruwan naƙuda a gidajen suna: wai ciwonsa ya ninka na naƙudar Allah da Annabi, wai duk wadda aka sa wa ƙarshenta tiyata. Na yi kwana biyar barcina rabi da rabi, ina tashi tsakar dare ina dafa ciki in ji ko ɗan yana motsi, kuma awon sukarina na safe ya riƙa hawa duk da ban canza abinci ba.

Babbar ungozomar wurin ce ta lura, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya. Ta duba littafin awona ta ce, "Ɗiyata, wannan hawan ba na tuwo ba ne, ba kya barci." Ta sa na dawo da yamma lokacin da layi ya ragu, muka zauna kusan minti arba'in, da Hausa tsantsa. Ta bayyana mini cewa mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke hana insulin aiki yadda ya kamata, sukarin da ya yi yawa a jinina yana ratsawa zuwa ga ɗan, shi kuma yana mayar da shi kitse, musamman a kafaɗu da ciki. Idan ya haura kilo 4, kai yana iya fitowa kafaɗa ta maƙale, kuma wannan ne ake gudu, shi ya sa ba a son cikin ya yi ta tafiya. Sannan ta jera mini abin da zai faru daki-daki: za a fara duba bakin mahaifa, idan bai yi laushi ba a ba ni ƙwayar misoprostol kaɗan-kaɗan ko a sa wata 'yar roba mai kumburi da ruwa, sai ya nuna sannan a ɗaura ruwan oksitosin, wato ruwan naƙuda, a riƙa ƙara ɗigonsa sannu a hankali ana sauraren bugun zuciyar ɗan. Ta ce abin yana iya ɗaukar kwana ɗaya, wani lokaci biyu, kuma jinkirin ba alamar matsala ba ne.

Na tambaye ta kai tsaye, "Hajiya, ko za a yi mini aiki?" Ta ce, "Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba, amma wadda ta haihu biyu da kanta tana da kyakkyawan zato." Ta ƙara da cewa ba su da mai sa barcin tiyata da dare, don haka idan buƙata ta taso za su tura ni cibiyar kula da uwa da yaro ta gwamnati. Rashin wannan ma'aikaci naƙasu ne ga kilinik mai karɓar haihuwa, amma gara da aka gaya mini tun da wuri, domin maigidana ya samu damar shirya mota da mai ba da jini. Abin mamaki, wannan amsa da ba ta da zaƙi ita ce ta dawo mini da barci, domin tsoron da nake ji na abin da ban san kamanninsa ba ne.

Wani abu da na yaba shi ne yadda suka yarda na zo da surukata. Ita ta riga ta tanadi jiƙon saiwoyi da take cewa zai kawo naƙuda kafin ranar likita, kuma ni ba ni da bakin hana ta. Ungozomar ta gaishe ta da girmamawa, ta ce, "Inna, addu'arki muke so, amma jiƙon a ajiye shi, domin namu maganin muna iya tsayar da shi idan ciwo ya yi yawa, wanda aka sha kuwa ba ya dawowa." Surukata ta yi dariya, ba ta sake tayar da zancen ba.

Ta fannin kuɗi, wurin ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. 'Yan takardun awon sukari sun fi cin aljihu, tunda sau huɗu nake soka yatsa a yini, ana so na safe ya zauna ƙasa da 0.95, na awa biyu bayan abinci kuma ƙasa da 1.20. Shawarar abincinsu ta dace da tukunyarmu: a rage fura da kunu mai sukari, a raba tuwon hatsi kashi-kashi, a yawaita wake da zogale. Jira kuwa yana da tsawo, kuma rumfar zaman ba ta kare zafin rana.

An kwantar da ni ranar Litinin da safe. Ƙwayar ta yi aikinta a hankali, aka ɗaura ruwan da asubar Talata, na haihu kafin azahar, namiji mai kilo 3.8. Ciwon ya fi na baya matsowa kusa-kusa, ba zan ɓoye ba, amma duk matakin da aka shiga na riga na san sunansa. Sun sa na ba shi nono nan take, suka auna sukarinsa sau da yawa a yinin farko, domin jariran irinmu sukarinsu kan faɗi bayan an yanke cibiya.

Awon sukarin da ya kamata a sake yi wa uwa tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa babu wanda ya tuna mini da shi a ranar sallama. Ni na koma da kaina bayan na yi arba'in, na nemi a rubuta mini takardarsa.