Hattara da masu sayar da "manhajar daidaita taswira" ta wasan X4

Jama'a, a yi hattara. Akwai 'yan damfara da ke farautar sababbin masu yi wa wasan kwamfuta na X4: Foundations kwaskwarima, musamman wanda ya koka cewa tashar da ya dasa a sararin samaniya ta ɓace masa a taswira. Sai su bi shi ta saƙon sirri, su ce suna da manhajar da ke gyara lambobin wuri da kanta, a biya da katin kyauta na Steam (dandalin sayar da wasannin kwamfuta) ko kuɗin kirifto. Abin da suke turowa fayil ne mai .exe a cikin zip da aka kulle, su ce a kashe manhajar kariya kafin a buɗe. Kullen nan don kada manhajar kariya ta leƙa ciki ne. Da zarar ka kunna, an kwashe asusunka na Steam da kalmomin sirrin da burauza ta adana.

Abin takaicin shi ne matsalar ba ta buƙatar sayen komai. Taswirar wasan rubutu ce zalla a fayilolin XML: galaxy.xml, clusters.xml, sectors.xml da zones.xml. Ana fito da su daga fayilolin .cat da .dat da XRCatTool, wanda kamfanin Egosoft ke bayarwa kyauta.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Lambobin x, y, z ba daga tsakiyar duniyar wasan ake ƙirga su ba. Kowane abu ana auna shi ne daga tsakiyar abin da yake cikinsa: zone (ƙaramin yanki) daga sector (yankin da ya ƙunshe ta), sector daga cluster (rukunin sectors), haka har sama. A ce zone tana x=40000 a cikin sector, kana son tasharka ta zauna a 45000. Abin da za ka rubuta a cikin zone 5000 ne kawai. Idan ka rubuta 45000, wasan zai haɗa biyun, tashar ta faɗa kilomita 85 daga tsakiya, ka yi ta nema inda ba ta.

Ma'aunin kuma mita ne. Wanda ya rubuta 45 yana nufin kilomita, mita 45 ya matsar da ita. Na uku, kuma shi ya fi rikita mutane: a wasan y ce sama da ƙasa, x da z su ne shimfiɗar taswira, alhali a Blender (manhajar zana siffofin 3D) z ce sama. Ka kwafo lambobi kai tsaye daga can, sai tashar ta lula can sama da hanyar jirage.

Kafin ka zargi lissafinka, ƙara -debug all -logfile debuglog.txt a zaɓin kunna wasan. Idan wurin da ka nuna a fayil ɗin diff (fayil ɗin da ke ɗauke da gyaranka) bai dace da komai a fayilolin wasan ba, a debuglog.txt zai faɗa maka, domin sau da yawa gyaran ne bai hau ba sam.

Wanda ya riga ya kunna fayil ɗinsu, ya cire kwamfutar daga intanet nan take. Daga wata na'urar daban ya sauya kalmar sirrin imel tukuna, sannan ta Steam, ya fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, ya soke duk makullin API (lambar da ke ba wata manhaja damar taɓa asusun Steam) da bai san da shi ba. Ita kuwa kwamfutar, a goge ta a sake ɗora mata Windows.