Oxford ko Paris? Kafin ka kashe kuɗin tikiti don ganin kayan al'adu

Wanda ya samu bizar Turai kuma yana da rana ɗaya tak ta yawon buɗe ido, ya kamata ya san cewa gidajen adana kayan al'adu ba tsari ɗaya suke bi ba. Kowanne da ra'ayin masanan da suka jera kayan.

Gidan Pitt Rivers da ke Oxford an kafa shi a 1884 da kaya sama da 20,000 da wani janar ɗin soja ya bayar. Shiga kyauta ne, kuɗin jirgin ƙasa daga Landan kawai za ka biya, tafiyar kamar awa ɗaya. A can, iri ake bi: ganguna wuri guda, kwari da baka wuri guda, makullai wuri guda, ko daga wace ƙasa suka fito. Janar ɗin ya yi imani cewa al'umma tana hawa ne mataki-mataki, Bature yana can ƙololuwa. Gidan ya daina wannan da'awa, har ya kwashe gawarwaki da ƙoƙunan kai daga idon jama'a a 2020, amma akwatunan gilashin na nan cunkushe. Maƙeri ko baduku zai ji daɗinsa, don zai ga yadda takwarorinsa na nesa suka yi aiki iri ɗaya.

Gidan Quai Branly na Paris, kusa da hasumiyar Eiffel, an buɗe shi a 2006. Ana biya, sai Lahadin farkon wata, kuma Litinin a rufe yake. Kayan nahiya-nahiya aka raba su, ana haska kowanne cikin duhu don ka ga kyansa, bayani kuwa kaɗan ne. Daga nan aka mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abomey a 2021.

Tun 1887 masanin al'adun ɗan Adam Franz Boas ya ce abu ba ya da ma'ana sai a cikin mutanen da suka yi shi. Mai neman wannan ba sai ya tsallaka teku ba: gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai yana da gidajen gargajiya na Hausawa, Zabarmawa da Buzaye, ga masu sana'ar hannu suna aiki a harabar.

Ni dai, tsakanin biyun na Turai, Oxford zan zaɓa. Ka tafi da tabarau, rubutun jikin tsofaffin kayan ƙanana ne ƙwarai.