Kamfanin da ya yi min bizar D8 ta Fotugal: sun iya takardu, amma sun cuce ni a kan haraji

Masu tambayata ta WhatsApp ko su biya wannan kamfanin na Lisbon da ya yi min aikin biza sun yi yawa, shi ya sa na ga gara in rubuta a wuri ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunansu ba, waɗanda suka tambaye ni sun san su.

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, ina yi wa wani kamfani a Jamus tun ina ɗakina a Kano. A 2024 na nemi bizar D8, wadda Fotugal ta fito da ita a Oktoban 2022 don masu aiki ta intanet. Sharaɗin shi ne abin da kake samu a wata ya kai ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. A shekarar albashin Yuro 820 ne, ke nan Yuro 3,280.

Ta fuskar takardu, gaskiya sun yi ƙoƙari. Tun ina gida suka ciro min lambar haraji ta NIF, suka buɗe min asusun banki, suka gaya min in kai takardar shaidar 'yan sanda ma'aikatar harkokin waje a Abuja a buga mata hatimi. Biza ta fito ta wata huɗu, na shiga, na je AIMA, hukumar kula da baƙi ta ƙasar, aka ɗauki hoto da zanen yatsu, katin zama na shekara biyu ya zo. Da a nan aka tsaya, da taurari biyar zan ba su ba tare da wani tunani ba.

Amma ni ba biza kaɗai na biya ba. Babban kunshinsu na saya, mai haɗe da shawarar haraji, kuma saboda magana ɗaya na saye shi. Ranar da muka yi kiran bidiyo, matar da ke kula da fayil ɗina ta ɗora min wani jadawali a allo, layi biyu, ɗaya ja ɗaya kore. Ta nuna koren ta ce wannan nawa ne: tsarin NHR na sassaucin haraji ga baƙi sababbin zuwa, haraji kashi 20 cikin 100 har shekara goma. Na ce mata na ji ana cewa gwamnati ta rufe tsarin. Ta yi murmushi ta ce, "Kada ka damu, akwai rangwamen da aka bari ga masu shigowa, za mu saka ka." A kan wannan koren layin na yi lissafin hayar gida a birnin Braga, da kuɗin da zan riƙa tura wa Hajiya duk wata, da lokacin da zan ɗauko maman yara.

Sai da na zauna da wani dattijon akanta a Braga, wanda wani ɗan'uwa ɗan Guinea-Bissau da muke sallar Juma'a tare ya haɗa mu, sannan na san inda nake. Ya sa tabarau, ya duba ranar da na shigar da takardun biza, ya ajiye biro. Ya ce NHR an rufe shi ga sababbin zuwa tun 1 ga Janairun 2024. Rangwamen da matar take faɗi gaskiya ne akwai shi, amma na waɗanda suka riga suka fara neman biza kafin 2023 ta ƙare ne, ko suka sa hannu a takardar hayar gida zuwa 10 ga Oktoban 2023. Ni a lokacin ko tunanin tafiya ban fara ba. Sabon tsarin da ya maye gurbinsa, IFICI, galibi na masu bincike ne da ma'aikatan wasu kamfanoni da ke cikin Fotugal, ba irina mai yi wa Jamus aiki ba.

To ga abin da ya hau kaina. Da ka wuce kwana 183 a ƙasar, ko ka kama gida a matsayin mazauninka, ka zama mai biyan haraji a nan kan duk abin da ka samu a duniya. Harajin hawa-hawa ne, matakin sama ya kai kashi 48 cikin 100. A sauƙaƙƙen tsarin haraji na masu zaman kansu, kashi 75 cikin 100 na kuɗin irin sana'ata ake lissafa wa harajin. Ga kuma Segurança Social, wato kuɗin asusun fansho da tallafi na gwamnati, kashi 21.4 cikin 100 a kan kashi 70 na abin da ka samu, bayan shekarar farko da ake ɗaga maka ƙafa. Wannan na ƙarshen ko sau ɗaya ba su ambata min shi ba, ba a baki ba, ba a takarda ba. Wallahi ranar na kasa cin abinci.

Ba biyan harajin ne ya ƙona min rai ba, ƙasar mutane ce kuma dokarsu ce. Abin da ya dame ni, na tambaya ƙarara aka ba ni amsar da za ta sa in biya. Kuma da na fara tuno baya, har yabon da na yi musu a kan takardu sai na ji ya ragu. Gidan da suka samo min don cika sharaɗin biza tsadarsa ta wuce ta maƙwabtana nesa ba kusa ba, ga sanyi na shigowa ta taga duk damina. Tun da na biya kaso na ƙarshe kuma, saƙon da a da ake amsa min cikin awa ɗaya ya koma sai na yi ta bibiya kamar mai bin bashi.

Na rubuta musu na nemi su dawo min da kuɗin shawarar harajin kawai, ban ce duka ba. Suka ce abin da aka faɗa a kiran bidiyo bayani ne na gaba ɗaya, ba alkawari ba, wai za su yi min ragi idan na zo sabunta katin zama. Na ce su riƙe raginsu. Taurari biyu na ba su, kuma fayil ɗina gaba ɗaya na kwashe na kai wa dattijon nan, shi zai cika min takardar harajin bana kafin 30 ga Yuni.