Haɗin barkono ko man ɗumi na kemis? Amarya, ga amsata

Amarya, tsakanin haɗin barkonon nan na masu kayan mata da man ɗumi na kemis da kika tambaya wanne ya fi don shafawa a gaba lokacin kwanciya, ɗauki na kemis. Duka biyun sun taɓa shigowa ɗakina.

Na kemis na san shi ne bayan haihuwata ta biyu. Ina shayarwa, bushewar gaba ta dame ni har na fara jin tsoron dare, ga kunyar faɗa wa maigida. Ranar da na kai yarinya rigakafi na daure na gaya wa wata malamar asibiti. Ta ce shayarwa kan rage sinadarin da ke kawo danshi a jikin mace, ba wata cuta ba ce, in nemi man shafawa wanda aka haɗa da ruwa. Maigida da kansa ya sayo, irin mai ɗumin, Durex Play ne a lokacin. Sai da na ɗiga a cikin hannuna na jira, na ga babu ja babu ƙaiƙayi. Ɗuminsa kamar kin riƙe kofin shayi ne a tafin hannu, yana zuwa a hankali, kuma da kin ji ya ishe ki ruwa kawai zai wanke shi. Wallahi wannan ƙaramar kwalbar ta dawo mana da hira da dariya a shimfiɗa. Aibinsa ɗaya: yawancinsu akwai wani sinadari mai suna gilisarin a ciki, wasu matan yana tayar musu da ƙaiƙayi. In kina yawan fama da sanyi, sayi mara ɗumin.

Haɗin barkono kuwa, abin da zan iya yaba masa shi ne araha, shi ke nan.

Abin da ke sa barkono zafi wani sinadari ne, kafsaisin. Yana taɓa jijiyar da ke sanar da jiki cewa wuta ta taɓa shi, wadda take farkawa idan zafi ya kai wajen digiri 43. Wato jikinki ƙuna yake ji. A ma'aunin zafin barkono na Scoville, attaruhun da muke jajjagawa yana tsakanin 100,000 zuwa 350,000. Man ciwon gaɓoɓi da ake yi da wannan sinadarin, abin da ake sakawa bai fi kashi 0.025 zuwa 0.1 cikin ɗari ba, amma duk da haka an rubuta a jikinsa kada ya kusanci ido, baki, rauni ko al'aura. To ina ga haɗin da aka daka a turmi babu awo? Fatar gaba siririya ce ƙwarai, ta mace da ta namiji duka. Kuma ruwa ba ya narkar da kafsaisin, sai maiƙo. Shi ya sa ranar da na gwada na yi ta zuba ruwa, raɗaɗin na ƙara bazuwa, kwana biyu ina kumbure. Maigida ma bai tsira ba.

Idan ƙamshin yaji da ɗumin jiki kike so, ki bar barkono a inda ya dace: farfesu mai citta da masoro, ko shayin kanumfari bayan isha'i. Za ki ji gumi da kuzari ba tare da an ƙona ko'ina ba. Amma ranar da kika yanka attaruhu da hannu, ki murza man gyaɗa a yatsunki, ki wanke da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ki taɓa jikinki ko nasa. Man zafi irin su Robb da Aboniki ma ba don wurin aka yi su ba. In tsautsayi ya riga ya faru, ki goge wajen da man zaitun ko madara mai sanyi, daga waje kawai, kada ki ɗura komai ciki. Kumburi ko jini ko zafin fitsari, asibiti kai tsaye. In kuna amfani da kwaroron roba, ki sani maiƙo yana lalata shi.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da masu talla a WhatsApp da Facebook. Wadda ta sayar mini cewa ta yi "zafin shi ne alamar yana aiki", da na koma da kuka sai ta ce jikina ne bai saba ba, in ƙara. Suna juye abu a robar da babu suna, babu jerin abin da ke ciki, babu ranar lalacewa. Na kemis ɗin ma akwai jabu, don haka ki shiga babban kemis, ki duba lambar NAFDAC da kwanan wata, ki tabbatar murfin a rufe yake. Ki fara da ƙaramar kwalba, kuma ku gwada a hannu ku biyu tukuna.