Sharhina kan canjin taimin bel na Hilux mai injin gas: kayan sun yi kyau, garejin ya ba ni kunya

Motata Toyota Hilux ce ƙirar 2012 mai injin 2KD, wato lita 2.5 mai shan gas, kuma da ita nake zirga-zirgar kayan gona tsakanin Kano, Katsina da Zamfara. Duk mai irin wannan mota ya san cewa kamfanin ya ƙayyade a canza taimin bel ɗinta, wato bel ɗin da yake daidaita buɗewar bawul da motsin fistin a cikin inji, a kilomita 150,000, kuma akwai wata fitila a dashbod mai rubutun T-BELT wadda take kamawa idan mita ta kai wannan adadi. Ni ban jira fitilar ba, domin a hannu na sayi motar, kuma wanda ya taɓa sayen mota a hannu ya san yadda ake juya mita baya kafin a kawo ta kasuwa. Fitilar ba ta ganin halin da bel yake ciki, lissafin mita kawai take bi, saboda haka idan an yi wa mita ƙarya ita ma ƙaryar za ta faɗa.

Na sayi kayan da kaina, saiti cikakke a kwalin Toyota: bel ɗin mai haƙora 97, da fuli mai boris wanda bel yake bi ta kansa, da tenshona wadda take danne fulin don kada bel ya saki. A kan kayan nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Robar bel ɗin tana da ƙwari, rubutun jikinsa a fili yake, boris ɗin fulin yana juyawa sumul ba tare da wasa ba, tenshonar kuma ta zo da ɗan ƙarfen nan da yake riƙe sandarta har sai an ɗaura ta a zare shi. Wanda yake tunanin sayen bel shi kaɗai don rage kuɗi, ya sani cewa sau da yawa ba bel ne yake fara mutuwa ba, boris ne yake ƙwacewa ko tenshona ta yi sanyi, su ja wa sabon bel lalacewa.

Garejin da na kai aikin wani abokin harka ne ya yaba mini shi, kuma a ranar farko ni ma na yaba. Wurin a share yake, akwai rumfar zama, ogan ya san injin sosai, har ya yi mini bayanin cewa a 2KD bel ɗin gajere ne, daga fulin famfon gas yake tashi zuwa kamshaf, sandar da take buɗe bawul, shi kuwa famfon giya ce mai haƙora take juya shi daga karanshaf, babbar sandar da fistin suke juyawa. Ya nuna mini alamomin taimin da ake daidaitawa, ya ce bayan an ɗaura sai an juya injin da hannu zagaye biyu an tabbatar alamomin sun koma mazauninsu kafin a taɓa makulli. Na fita sallar Azahar da cin abinci, na dawo na tarar an rufe murfi, mota tana sulo lafiya ƙalau. Da a wannan rana na rubuta sharhin nan, da tauraro biyar zan ba su ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Bayan 'yan makonni sai na fara jin wata ƙara daga gaban injin idan na tayar da shi da asuba, wani ƙas-ƙas da yake ɗaukewa idan injin ya yi zafi. Na koma garejin na yi bayani, ogan ya saurara na ɗan lokaci ya ce, "Alhaji, ai injin gas ke nan, in dai bai yi ƙara ba to ba shi da lafiya. Wataƙila injekta ce take son wanki." Na ce masa, "Oga, na san kukan motata, wannan baƙo ne." Ya yi dariya ya ce in ci gaba da hawa, shi ya tsaya mini. Murfin taimin na wannan inji na roba ne, 'yan ƙusoshi ne suke riƙe da shi, buɗe shi ba zai ɗauke shi lokacin shan shayi ba, amma bai ga dalilin buɗewa ba.

A hanyar Gusau abin ya faru, na wuce Funtuwa kaɗan da lodi a baya. Motar ta yi wata girgiza, ƙarfinta ya ragu nan take, hayaƙi ya canza, sulo ya rikice. Na gangara gefen titi na kashe ta, ban kuma sake gwada tayarwa ba, aka ja ni zuwa cikin gari wurin wani dattijon bakanike. Yana cire murfin ya kira ni ya ce, "Ranka ya daɗe, zo ka gani da idonka." Bel ɗin sabo ne, fulin sabo ne, amma tenshonar tsohuwar nan ce da na sayi motar da ita, mai yana tsattsafowa daga bakinta, ga kuma shatin haƙoran bais, wato matsen ƙarfe na gareji, a jikinta inda aka matse ta da ƙarfi aka mayar. Dattijon ya ce irin wannan tenshona mai ne a cikinta, idan ma dole ta sa za a sake amfani da ita to a tsaye ake danna sandarta a hankali, wanda ya matse ta da gaggawa ya riga ya kashe ta. Da ta saki, bel ya yi sako-sako har ya tsallake haƙori ɗaya.

Wanda bai san injin gas ba zai ɗauka haƙori ɗaya ƙaramin abu ne. Injin gas da matsi yake kunna mai, ba da fulogi ba, don haka tazarar da take tsakanin fistin da bawul 'yar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma taimin ne kaɗai yake hana su haɗuwa. Da bel ɗin ya ƙara tsallake wasu haƙoran ko ya tsinke ina cikin gudu, da fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su, sai maganar sauke kan inji, wani lokaci ma har da neman wani injin gaba ɗaya. Allah ya taƙaita, aka gwada matsin silinda huɗun aka samu lafiya. Sai dai bel ɗin da ya riga ya tsallake kuma ya sha mai ba a mayar da shi, dole na sake sayen wani tare da wata sabuwar tenshonar, na kwana a Funtuwa, kayan da na ɗauko kuma suka makara.

Da na koma Kano na je garejin da tsohuwar tenshonar a hannuna. Ogan ya fara da cewa ba daga wurinsu ba ne, sai da na ajiye ta a gabansa ya kira yaron da ya yi aikin, yaron ya shiga ciki ya fito da tawa sabuwa a ledarta, ɗan ƙarfenta ma ba a zare ba. Wai mantuwa ce. Mantuwar da za ta sa mutum ya cire tsohuwa, ya kai ta bais ya matse, ya mayar da ita, alhali sabuwa tana kwali ɗaya da bel ɗin da ya ɗauka, ni dai ban yarda da ita ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da na dawo da ƙorafin ƙara aka sallame ni da dariya, domin a ranar da an gano komai a kyauta. Ko takardar da ake liƙawa a murfi a rubuta kilomita da ranar canji ba su liƙa ba, dattijon Funtuwa ne ya rubuta mini da fenti.

Game da wa'adi, kilomita 150,000 na littafi ne, amma da zafin ƙasarmu da ƙurar hunturu da lodin da muke ɗorawa, ni a 100,000 zan riƙa canzawa, ko bayan shekara biyar idan motar ba ta yi tafiyar ba, tunda roba tana tsufa ko a ajiye take. Masu sabuwar Hilux mai injin GD, wadda ta fito daga 2015, sarƙa ce a tasu maimakon bel, wannan magana ba ta shafe su ba. Kayan na ba su tauraro biyar. Garejin na ba shi ɗaya, kuma ɗayan ma saboda sun mayar mini da tenshonata ne, kuɗin bel na biyu da na jan mota kuwa har yau ogan cewa yake in ƙara haƙuri zai neme ni.