Bajekolin Automechanika Dubai: abin da mai gareji zai samu, da inda zai iya yin asara

Automechanika Dubai kasuwar 'yan sari ce, kuma gara mai gareji ya san haka tun kafin ya biya kuɗin biza da na jirgi. Kamfanin Messe Frankfurt na Jamus ne ke shirya bajekolin. Asalinsa na birnin Frankfurt ne da aka fara a 1971, na Dubai kuma ya soma a 2003. Kwana uku ake yi, kuma a 2023 masu baje kaya sun haura 1,900 daga ƙasashe wajen 60. Galibinsu masana'antu ne na Sin, Turkiyya, Indiya, Taiwan, Koriya, Jamus da Italiya, kuma wanda suke zaman jira shi ne mutumin da zai ce a cika masa kwantena. Bakaniken da yake buƙatar shokazoba guda takwas da boris ashirin a wata, in ya tsaya a irin wannan rumfa, za a karɓe shi da fara'a, a ba shi kati da katalogi, amma da zarar an ambaci mafi ƙarancin odar da suke karɓa, wato guda 100 ko 300 na kowace lambar kaya, magana ta ƙare.

Duk da haka tafiyar tana biyan kanta ga wani irin mai gareji: wanda yake shirin zuba kuɗi mai nauyi a kayan aiki. Kwamfutar duba mota, injin ɗaga mota, injin alaimen, injin cika gas na AC. Irin waɗannan kaya a gida sai dai ka gan su a hoto ko a cikin kwali, a nan kuwa a kunne suke, da injiniyan kamfanin tsaye a gefe. Gani ya kori ji.

Lokacin bajekolin yana sauyawa. A 2023 a farkon Oktoba aka yi, a 2024 kuma 10 zuwa 12 ga Disamba, duka a Dubai World Trade Centre. Saboda haka a tabbatar da rana da wuri a shafinsu, a yi rajista ta intanet tun daga gida, don layin masu rajista a bakin ƙofa ranar farko yana cinye safiya guda. Batun biza shi ne ƙashin bayan shirin ga ɗan Nijeriya: an dakatar da ita a 2022, aka sanar da dawo da ita a Yulin 2024, jirgin Emirates kuma ya koma Legas ranar 1 ga Oktoban 2024, amma sharuɗɗan suna canzawa, don haka kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Daga Kano ana bi ta Addis Ababa ko Alƙahira. In a World Trade Centre ake yi, wanda ya sauka a unguwar Deira, inda mutanenmu suka saba sauka, jirgin ƙasa na cikin gari ya ishe shi: daga Baniyas Square zuwa Union, a canza zuwa jan layi, a sauka a tashar World Trade Centre. Akwai wuraren sallah a cikin ginin. Abinci a ciki da tsada, takalmi kuma ya zama mai laushi, don tafiyar ƙasa ce ta wuni guda.

Ɓangaren na'urorin bincike da gyara shi ne ya cancanci rana guda cur. A nan ake ganin na'urorin kamfanonin Autel, Launch, Bosch, Topdon da ire-irensu kusa da juna, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai, domin kowace kwamfuta tana burgewa idan an jona ta da motar gwaji sabuwa fil. Motocin da ke shigowa garejinka ba su ne wannan ba. Ka zo da jerinsu a rubuce: Camry ta 2007 zuwa 2011, Corolla ta 2003 zuwa 2008, Accord, Hilux, Hiace, Peugeot 406, Sharan, duk abin da ka fi gani. Ka karɓi na'urar a hannunka, ka shiga jerin motocinta da kanka, ka duba kowace ɗaya. Karanta lambar matsala da goge ta ba abin a zo a gani ba ne, 'yar ƙaramar na'ura mai araha ma tana yi. Abin tambaya shi ne ko tana ba mota umarni: ta kunna fankar lagireto, ta kashe nozul ɗaya bayan ɗaya don a gane silindar da ba ta aiki, ta fitar da iska daga famfon ABS, ta koya wa ƙwaƙwalwar mota sabon makulli, ta saita totur bayan an wanke shi. Sau da yawa za ka ga aikin yana nan a kan Toyota ta kasuwar Turai, ka shiga ta Amurka ka tarar babu, alhali yawancin tokumbon da ke hannunmu na Amurka ne.

Sai tambayoyi uku da mai rumfa ba zai ɗauko da kansa ba. Sabunta manhaja kyauta shekara nawa ne, bayan nan nawa ake biya a shekara, kuma me ke daina aiki in ba a biya ba? Galibi shekara ɗaya ko biyu ce kyauta, kuɗin sabuntawar kuma kan kai wani kaso mai tsoka na farashin na'urar. Na biyu, an ɗaure na'urar da yanki? Wasu kamfanoni suna rajistar lambar na'ura da yankin da aka sayar da ita, ta yadda wadda aka saya don Gabas ta Tsakiya za ta ƙi sabuntawa da zarar ta hau intanet a Nijeriya ko Nijar. A sa su rubuta amsar a takardar ciniki, da lambar na'urar. Na uku, wa ke wakiltarsu a Legas, Abuja ko Kano, kuma in allon ya fashe ko akwatin da ake jonawa a mota ya ƙone, ina za a kai? A duba kuma ko tana jin CAN FD da DoIP, wato sababbin hanyoyin magana da ƙwaƙwalwar mota, don sababbin motoci sun koma kansu, sannan ko akwai kawunan jona tsofaffin motoci da ba su da soket mai baki 16, irin zagayayyen nan mai baki 38 na tsohuwar Marsandi. Mai gyaran DAF, MAN ko Howo ya nemi wadda aka yi don volt 24. Jona ta volt 12 a babbar mota yana iya ƙona ta nan take.

Injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu shi ne abu na biyu da ke jan ido, kuma matsalarsa ba a Dubai take bayyana ba, sai an kafa shi a gida. Mai ɗaukar tan 4 ya wadatar da ƙananan motoci da Hilux. Amma yana son daɓen kankare mai kaurin santimita 15 zuwa 20, da rodi a ciki, wanda ya yi kwana 28 yana bushewa. Daɓen siminti na santimita biyar da ake yi a yawancin garejinmu ba ya riƙe kusoshin, a hankali suke sassautawa, ginshiƙin ya fara karkata da mota a sama da yaro a ƙarƙashinta. Wannan ba wurin tsimi ba ne. Rufin kuma ya kai mita 3.6 zuwa 4, in ba haka ba kan motar zai taɓa kwano kafin mutum ya iya miƙewa a ƙasa. A faɗa musu ƙarara irin wutar da ake da ita: layi ɗaya volt 220 ko layi uku volt 380, kuma 50Hz. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a Dubai musamman, domin ana haɗa kaya da yawa don kasuwar Saudiyya, ita kuwa 60Hz take amfani da shi, injin da aka naɗa don can yana zafi yana rasa ƙarfi a wutarmu. Injin lantarkinsa yawanci kilowat 2.2 ne, amma lokacin tashi yana jan ninkin haka sau da dama, ƙaramin janareta sai ya durƙushe. A rumfar, ka sa a ɗaga a sauke a gabanka, ka saurari ƙarar makullan tsaro: ya kamata ɓangarorin biyu su riƙa faɗawa tare. Ka dubi kaurin ƙarfen ginshiƙin da kyan waldar, ka tambayi nauyin injin gaba ɗaya, domin inda aka rage ƙarfe nan nauyi ke tona asiri. A haɗa odar da robobin silinda, wayoyin daidaita hannuwa da robar tafin hannu na ajiya.

Masu aikin AC su tsaya a rumfunan gas. Motocin Amurka na 'yan shekarun nan da R1234yf suke zuwa maimakon R134a, bakin jonawarsu daban ne, kuma ba a cakuɗa su a inji ɗaya. Abin da ya fi injin cikawa amfani a kasuwarmu shi ne 'yar na'urar tantance gas, saboda jabun R134a da aka gauraya da R40 yana cin alminiyon cikin kwamfireso, ga haɗari ga mai aikin.

Rumfunan bakin mai suna da yawa ƙwarai, don Daular Larabawa cike take da masana'antun haɗa mai, da yawansu kuma za su buga maka sunan garejinka a jikin galan in ka cika kwantena. Galan mai kyau ba shaida ba ce. Akwai bambanci tsakanin mai da aka rubuta cewa ya dace da ma'aunin API SP na cibiyar man fetur ta Amurka (API) da wanda yake da lasisin API na gaske. A nemi lambar lasisin, a duba ta a shafin API a waya nan take a gaban mai rumfar. Man giya kuma a yi hattara da wanda aka ce yana yi wa kowace mota: giyar CVT da giyar da ke shan man Toyota WS ba abu ɗaya suke so ba, kuskure a nan giyabos ne sukutum. Taya da batir na dillalai ne, mai gareji ya wuce kawai, sai dai ya riƙe cewa lambobi huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke jikin taya mako ne da shekarar da aka ƙera tayar.

A ɓangaren kayan gyara, wanda shi ne mafi girma, ribar mai gareji ilimi ce. Ka ɗauki jabu da na ainihi ka kwatanta: rumfunan manyan kamfanoni irin masu yin filogi, shokazoba da famfon ruwa sukan nuna yadda ake gane kwalinsu da hatiminsu, wannan kuwa zai yi maka amfani duk ranar da ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, Panteka ko Ladipo. Ka tambayi kowane kamfani sunan dillalinsa na hukuma a Nijeriya. In kuma ku biyar ko shida ne kuka haɗa kuɗi, to a lokacin odar sari ta zama abin tattaunawa. Ku tafi da lambobin kaya na asali da lambar shasi mai harafi 17, kada ku dogara da sunan mota da shekara kaɗai, don Camry ta ƙasashen Larabawa da ta Amurka sukan saɓa a lagireto, na'urorin hayaƙi da fitilu. Ku bambance masana'anta da ɗan tsakiya: mai masana'anta zai nuna takardar IATF 16949, shaidar ingancin masana'antar kayan mota, da sunansa da adireshinsa a kai, kuma kayansa iri ɗaya ne ko biyu. Rumfar da ke sayar da birki da fitila da gasket da madubi duka, saye take ta sayar. Birki a nemi mai shaidar ECE R90, ma'aunin ingancin birki da ake bi a Turai.

Farashin da ake faɗa a rumfa kusan kullum na bakin masana'anta ne ko na tashar jirgin ruwan ƙasarsu, wato EXW ko FOB, kuma kayan suna Ningbo ta Sin ko Istanbul, ba a Dubai ba. Kafin a yi murna da araha a ɗora kuɗin jirgin ruwa, inshora, takardar shigo da kaya ta Form M, takardar ingancin kaya ta SONCAP, harajin kwastan, kuɗin kiliya, da motar da za ta ɗauko daga Apapa zuwa Arewa. Injin ɗagawa guda ɗaya da aka turo a kwantenar haɗaka yakan iso da tsadar da ta kai ta dillalin Legas, ba tare da garantin da shi zai bayar ba. Kada a biya kafin alƙalami da tsabar kuɗi a rumfa. A karɓi takardar farashi mai sunan kamfani, a biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da wannan sunan, bayan an ga samfur. Dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67, lissafin ba wuya.

Mai garejin da abin da yake nema bai wuce sanin dillalai da ganin 'yan na'urori ba, West Africa Automotive Show da ake yi a Landmark Centre a Legas ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Bai kai na Dubai girma ba, amma babu biza, kuma waɗanda suka zo can sun riga sun yanke shawarar sayarwa a Nijeriya.

Wanda ya je Dubai ɗin, ya ware rana ta huɗu don shagunan kayan gyara na Deira da unguwar masana'antu ta Sharjah, inda ake sayar da injuna da rabin mota na hannu, kuma ana sayar da ɗai-ɗai. A lura da kayan Japan masu sitiyari a dama: injin da giya za su hau, amma rak ɗin sitiyari, dashbod da fitilun gaba ba za su yi ba. A ranar ƙarshe ta bajekolin kuma, tun bayan azahar ake fara naɗe kaya, kuma wasu masu rumfa sun gwammace su sayar da na'urar da suka yi nuni da ita da rangwame da su sake ɗaukar ta zuwa gida. A ƙirga wayoyi da kawunan jonawa ɗaya bayan ɗaya a kan jerin da ke cikin akwatin, a tabbatar ba a riga an yi wa na'urar rajista da sunan wani ba, a karɓi rasit. Kwamfutar tana da batirin lithium a ciki, don haka a jakar hannu za ta hau jirgi.